Muhawara: "Ai yaro ne, zai manta." Da gaske mantawa yake yi?

Hadiza Walwala: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da nake so mu zauna a kanta, domin kusan duk gidan da aiki ya kai ni sai na ji ta. Ana rikici tsakanin miji da mata har da duka, ko wani tashin hankali ya auka wa iyali, in ka tambayi lafiyar yaran sai a ce maka, "Ai su ba a taɓa su ba," ko kuma, "Ƙarami ne, bai san komai ba, zai manta." Yawancin masu faɗin haka ba mugaye ba ne, fata suke yi hakan ya zama gaskiya. Sai dai abin da bincike ya tara bai goyi bayan wannan fatan ba.

Binciken da aka fi ambata shi ne na Vincent Felitti da Robert Anda, wanda aka yi a San Diyego ta Amurka tsakanin 1995 da 1997, da haɗin gwiwar cibiyar kula da lafiya ta Kaiser Permanente da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar. Manya sama da 17,000 da suka zo duba lafiyarsu aka tambaya abin da suka gani a gida kafin su cika shekara 18: duka, zagi da wulaƙanci, lalata, rashin kulawa, zama da mai shaye-shaye ko mai taɓin hankali, ɗaure wani na gida, rabuwar iyaye, da ganin ana dukan uwa. Kusan biyu cikin uku sun ce aƙalla ɗaya ya same su. Kusan ɗaya cikin takwas sun ƙirga huɗu ko fiye. Rahoton farko da ya fito a 1998 ya nuna masu huɗu zuwa sama haɗarin shaye-shaye, ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai a wurinsu ya ninka na waɗanda ba su da ko ɗaya sau huɗu zuwa goma sha biyu. Har ciwon zuciya da na huhu da na hanta sun fi yawa a cikinsu.

Ku lura, ganin ana dukan uwa yana cikin jerin, kafaɗa da kafaɗa da dukan yaron kansa. Me kuka gani a naku wuraren aikin?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Malama Hadiza, ni daga aji zan yi magana. Na taɓa koyar da wani yaro ɗan shekara tara. In littafi ya faɗi ƙasa ko iska ta bugo ƙofa, kafin kowa ya waiga shi ya riga ya ɗaga hannu ya kare kansa. Kullum kujerar bakin ƙofa yake nema. In na shigo, fuskata yake fara karantawa kafin allo, ranar da na zo a gajiye shi ne farkon wanda zai gane, sai ya nutsu kamar ba ya ajin. A takardarsa kuwa an rubuta "ba ya mai da hankali, ga yawan faɗa." Daga baya muka san abin da ke ciki. Shi ba a dukansa. Yana kwance ne a ɗaki yana jin ana dukan mahaifiyarsa, yana jiran a yi shiru kafin ya iya barci. Tambayata ga likitocin zauren nan, me ke faruwa a jikin irin wannan yaron?

Dokta Zainab: Malam, yaron nan yana mai da hankali ƙwarai, a kan abin da ya fi lissafi muhimmanci a wurinsa. In mutum ya ji haɗari, jiki na sakin sinadaran firgici, adirinalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, tsoka ta ɗaure, a ajiye narkar da abinci da dogon tunani a gefe. Wannan ni'ima ce in haɗarin na ɗan lokaci ne. Yaro ya firgita, babba ya rungume shi, jikin ya sauka, an wuce. Matsala tana zuwa ne in firgicin ya zama na kullum, kuma wanda ya kamata ya kwantar masa da hankali shi ne abin tsoron, ko ita ma uwar a firgice take. Sai jikin ya zama kamar mai gadin da aka hana canji, dare da rana yana tsaye. Jack Shonkoff da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard su suka yaɗa bayanin wannan bambanci, tsakanin damuwar da yaro ke iya jurewa da taimakon babba da wadda ke cin jiki saboda babu mai tallafa masa.

A 2011 Eamon McCrory da tawagarsa a Landan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 20 da suka tashi cikin rikicin gida, ana nuna musu fuskoki. In fuskar fushi ta zo, sassan da ke gano haɗari, har da wanda ake kira amigdala, sun fi na sauran yara motsawa, irin yadda aka gani a sojojin da suka je fagen daga. Seth Pollak a Wiskonsin shi ma ya nuna yaran da aka saba duka suna gane fushi a fuska tun bai gama bayyana ba. A gida wannan ƙwarewar tana kare shi. A aji kuwa ita ke sa ya kai wa ɗan'uwansa naushi don kawai ya harare shi.

Jarirai kuma, da aka fi cewa ba su san komai ba, nasu yana fita ta barci, ta ƙin abinci, ta kukan da ba ya lallasuwa. Ɗan shekara huɗu da ya daina fitsarin kwance sai ya dawo da shi. Ba zai iya ba ka labarin daren ba, amma ba yana nufin daren bai shige shi ba.

Baba Lawal: 'Ya'yana, na karanta duka. Dukan mace dai babu mai hankalin da zai kare shi. Amma ina jin tsoron inda wannan magana za ta kai mu. Mu an duke mu, mun ga wahala iri-iri, ga mu mun girma mun riƙe gidajenmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka ce duk abin da ya ɓata wa yaro rai zai zame masa ciwon zuciya, gobe uba ba zai iya tsawata wa ɗansa ba.

Nasiru Ɗalibi: Baba, akwai gaskiya a cikin maganarka, ko da yake ta wata ƙofa zan shigo. Anti Hadiza, binciken San Diyego yana da raunin da ba a cika faɗa ba. Manya aka tambaya abin da ya faru shekaru talatin ko arba'in baya. A 2019 Jessie Baldwin da Andrea Danese da wasu sun haɗa bincike 16 inda ake da bayanin da aka rubuta tun mutum yana yaro, kuma aka sake tambayarsa da ya girma. Fiye da rabin waɗanda aka rubuta an ci zarafinsu ba su faɗa ba da suka girma, kuma fiye da rabin waɗanda suka faɗa babu rubutun. Wato hanyoyin biyu kusan mutane daban suke kamowa. Na biyu, lissafin yana ba rabuwar iyaye maki ɗaya, lalata da yarinya na tsawon shekaru ita ma maki ɗaya. Na uku, babu yaƙi a jerin, babu talauci, babu rikicin unguwa, babu cin zalin 'yan makaranta. Yawancin mutanen ma farare ne masu ilimi da inshorar lafiya.

Hadiza Walwala: Duk abin da ka lissafa haka yake, ƙanena. Shi kansa Anda ya fito a 2020 tare da wasu abokan aikinsa ya yi gargaɗin kada a ɗauki makin a matsayin awon mutum ɗaya, don an gina shi ne saboda duba al'umma gaba ɗaya. Abin da ba zan bari ya wuce ba shi ne a ce tunda awon yana da rauni to cutar ma babu. Binciken da ya bi yara tun suna ƙanana, ba tare da dogaro da tunawa ba, shi ma ya ga illar.

Baba, Allah ya ƙara girma. Tsawatarwa daban, gidan da yaro bai san da wace fuska za a shigo yau ba daban. Kuma "ga mu mun girma" mu da muka tsaya da ƙafafunmu ne ke faɗinta. Ɗan'uwan da ya ƙare a shaye-shaye, da 'yar'uwar da ba ta iya zama da kowa, ba sa cikin zauren nan balle su ba da tasu shaidar.

Maman Amira: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ma'aikaciya ba ce. Tun da aka fara maganar nan nake ƙirga nawa, na samu shida. Na rabu da mijin da yake dukana lokacin babbar 'yata tana da shekara biyar, ta ga abubuwa da yawa. Yanzu in na ɗaga murya kaɗan sai ta kama ba ni haƙuri tun kafin ta san laifin me. Wani lokaci in ƙaramin ya yi ta kuka, ina jin hannuna yana so ya tashi, sai in fita in bar ɗakin. Ku faɗa min gaskiya, abin da ya same ni ne zai same su? Na riga na lalata su?

Rabi Nas: Maman Amira, sannu. Fitar nan da kike yi ki bar ɗakin har zuciyarki ta sauka, muddin kin ajiye shi inda ba zai ji ciwo ba, ita ce daidai abin da muke koya wa iyaye a asibiti. Ke kin kama ta da kanki.

Hadiza Walwala: 'Yar'uwa, a'a, ba ki lalata su ba, kuma ba don in kwantar miki da hankali kawai nake faɗa ba. Cathy Spatz Widom ta ɗauki yara 908 da kotu ta tabbatar an ci zarafinsu ko an yi watsi da su tsakanin 1967 da 1971 a Amurka, ta haɗa su da wasu yara masu irin shekarunsu da irin unguwarsu, ta bi su har girma. Ta fitar da sakamakon farko a 1989. Haɗarin aikata laifi ya ƙaru a cikinsu, gaskiya ne, amma mafi yawansu ba a taɓa kama su da laifin tashin hankali ba. Kafin nan, a 1987, Joan Kaufman da Edward Zigler sun auna binciken da ake da shi suka ƙiyasta kusan kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka zalunta suna yara ne ke maimaitawa a kan 'ya'yansu. Adadin ba ƙarami ba ne, amma ki juya shi: kusan bakwai cikin goma ba sa yi.

Akwai kuma aikin Emmy Werner a tsibirin Kawai na Hawayi. Yara 698 da aka haifa a 1955 ta bi har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun taso cikin talauci da rikicin gida ko rashin lafiyar iyaye. Daga cikin waɗannan, ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau, da aiki da iyali. Abin da ya yi ta maimaituwa a labarinsu shi ne samun babba aƙalla ɗaya da ya riƙe su da gaske, kaka ce, ko yaya, ko malami, ko maƙwabciya. Wasu da suka yi tuntuɓe a ƙuruciya ma sun dawo hanya a shekarunsu na talatin.

Selma Fraiberg, wadda ma'aikaciyar walwala ce irina, ta lura tun a 1975 cewa iyayen da suka fi maimaita abin da aka yi musu su ne waɗanda suke tuna abin da ya faru amma sun binne yadda ya yi musu zafi. Wadda take tuna tsoron da ta ji tana yarinya takan tsaya tsakanin ɗanta da wannan tsoron. Ke kina tunawa, shi ya sa kike fita ɗakin. Abin da zan roƙe ki, ki nemi mai ba da shawara da ya san wannan fanni, ku je ke da ita tare. Kuma in kin yi mata tsawa kin ga ta firgita, ki dawo daga baya ki ce mata, "Na yi fushi, amma ba zan dake ki ba, kuma ba laifinki ba ne abin da ya faru a da." Yara da yawa suna ɗauke da zaton su suka jawo rikicin iyayensu, ba wanda ya taɓa ce musu ba haka ba ne.

Maman Amira: Na gode. Ban taɓa ce mata ba laifinta ba ne. Na ɗauka in na yi shiru za ta fi saurin hucewa.

Barista Kabiru: Ni abin da ke damuna shi ne ɓangaren hukuma. In dai an yarda yaron da ke gani ma ana cutar da shi, kuma dokar Ingila da Wels ta 2021 a kan cin zarafi a cikin gida ta ce yaron da ya gani ko ya ji ko illar ta shafe shi, shi ma wanda aka zalunta ne a karan kansa, to me ake jira? A cire yaron daga gidan a kai shi inda zai samu lafiya. Sashe na 19 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ɗora wa gwamnatoci nauyin kare shi ko daga iyayensa ne.

Hadiza Walwala: Barista, nan ne wurin da ya fi hana ni barci a aikin nan. Akwai gidan da cirewa ita ce kaɗai mafita, kuma jinkiri kan jawo asarar rai. Amma cirewar ita ma rauni ce. A Yaƙin Duniya na Biyu, Anna Freud da Dorothy Burlingham sun riƙe gidajen renon yara a Landan lokacin ana ruwan bama-bamai. Abin da suka lura shi ne ƙananan yara sun fi jure ƙarar bam in suna tare da uwar da hankalinta bai tashi sosai ba, fiye da yadda suke jure a raba su da ita a kai su wurin da babu bam.

Sannan in an cire shi, ina za a kai shi? Bayan faɗuwar shugaban Romaniya, Ceaușescu, a 1989 duniya ta ga gidajen marayun Romaniya, jarirai jere a gadaje, ana ba su abinci, ba mai ɗaukarsu. Daga 2000, Charles Nelson da Charles Zeanah da Nathan Fox suka bi yara 136 na irin waɗannan gidaje a Bukarest. Ta hanyar ƙuri'a aka kai rabinsu hannun iyayen riƙo da aka horar. Waɗanda suka samu gida sun fi na gidan marayu a basira da magana da shaƙuwa, kuma waɗanda aka kai kafin su cika shekara biyu su suka fi amfana. Yaran nan yawancinsu ba duka ne ya raunata su ba, rashin wanda zai amsa kukansu ne.

Saboda haka in uba ne mai dukan, tambayar farko a wurina ita ce yaya za a nisanta shi, a tsare uwar da yaran tare. Ƙwace yaro daga uwar da ita ma ake duka, a ce ta kasa kare shi, yana koya wa sauran mata darasi ɗaya ne kawai: kada ki kai ƙara.

Barista Kabiru: Na ji, amma kin san sau nawa matar take komawa. Ranar da ta koma ta uku aka ji wa yaron ciwo, wa za a tuhuma?

Hadiza Walwala: Mu za a tuhuma, kuma da hujja. Shi ya sa ba a rufe fayil don ta fita sau ɗaya. Amma a tambayi dalilin komawar. Sau da yawa ba ta da wurin kwana, ba ta da abin ciyar da su, kuma lokacin rabuwa yana cikin lokutan da mace ta fi shiga haɗarin a kashe ta. Wanda bai tanadar mata amsar waɗannan ba bai gama aikinsa ba.

Nasiru Ɗalibi: Wannan ya haɗu da binciken yankunan yaƙi. Catherine Panter-Brick da Mark Eggerman sun yi aiki da yara 'yan makaranta a Afganistan, da suka sake bibiyar wasu a Kabul bayan shekara guda sai suka ga tashin hankalin cikin gida yana cikin manyan abubuwan da ke hasashen taɓarɓarewar lafiyar hankalinsu, a ƙasar da kowa ke zaton yaƙi ne kaɗai labarin. Yaƙin yana shiga gida ne ta jikin uban da ya rasa sana'a, da uwar da ba ta barci. Theresa Betancourt kuma tun 2002 take bin yaran da aka sa cikin yaƙin Saliyo. Abin da suka gani da abin da aka tilasta musu yi yana da nauyi, amma yadda aka karɓe su bayan sun dawo shi ma ya raba hanya. Waɗanda iyali da gari suka karɓa, suka koma makaranta, sun fi farfaɗowa. Waɗanda aka yi ta tsangwama ana nuna su da yatsa, matsalarsu ta daɗe.

Aisha S.: Na karanta cewa ana gadon firgici ta jini, har jikoki. Gaskiya ne?

Dokta Zainab: A ɓeraye an nuna abubuwa masu ƙarfi. A mutane kuwa a yi taka-tsantsan. Binciken Rachel Yehuda na 2016 da ake yawan kafa hujja da shi, a kan waɗanda suka tsira daga kisan ƙare dangi na 'yan Nazi da 'ya'yansu, iyaye 32 ne kawai a ciki, kuma 'ya'yan a hannun iyayen suka tashi, don haka da wuya a raba jini da reno. Hanyar da aka tabbatar ita ce ta zaman gida, da halin da uwa take ciki lokacin goyon ciki. Ita kuwa wannan ana iya taɓa ta.

Baba Lawal: To na ji. Amma ba ku amsa min batun bulala ba. Ba dukan mugunta ba, na gyara.

Dokta Zainab: Baba, a 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekaru hamsin da ya shafi yara sama da 160,000, kuma da gangan suka ware dukan mugunta, suka duba marin hannu a ɗuwawu ko a hannu da ƙafa kawai. Ba su samu alamar yana gyara hali ba. Abin da suka samu shi ne yana tafiya tare da ƙarin faɗa, ƙarin damuwa, da sanyin dangantaka da iyaye. Masu suka sun ce ƙila yaro mai ƙiriniya ne ke jawo duka tun farko, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma binciken da ya auna halin yaron tun kafin dukan ya ga abin yana ƙaruwa ne bayansa. Suwidin ta haramta shi a 1979, yanzu ƙasashe sama da 60 sun bi. Ni abin da nake gani a ɗakin duba marasa lafiya, da yawan raunukan da ake kawo mana da niyyar gyara aka fara su, fushi ya ƙarasa.

Baba Lawal: Ban gamsu duka ba, 'yata. Yaro yana buƙatar ya san akwai iyaka. Amma maganar fushi gaskiya ce, ban taɓa ganin wanda ya ɗauki bulala yana cikin nutsuwa ba.

Rabi Nas: Iyakar ba wanda ya ce a cire ta, Baba. Shirye-shiryen koyar da iyaye duk a kanta suke: doka kaɗan, a faɗe ta a fili, a tsaya a kanta, a yaba wa yaro in ya yi daidai. Ni dai abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa a fanninmu shi ne aikin David Olds da ya fara a Elmira ta jihar Niyok a ƙarshen shekarun 1970. Ma'aikatan jinya ke ziyartar mata masu cikin fari a gida, har yaro ya kai shekara biyu. Da aka dawo bayan shekara 15, rahotannin cin zarafin yara da aka tabbatar sun yi ƙasa a gidajen da aka ziyarta. Amma ga abin da ya dace da maganar Anti Hadiza: da John Eckenrode da abokan aikinsa suka sake duba alƙaluman a 2000, sun ga a gidajen da ake yawan dukan uwar, amfanin ziyarar ya dusashe.

Malam Bashir: To wuraren da babu likitocin ƙwaƙwalwa fa? Yawancin yaran duniya a irin wuraren suke. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa yara har biliyan ɗaya ne ke fuskantar wani nau'in cin zarafi a shekara.

Nasiru Ɗalibi: Akwai amsa mai kyau a nan, Malam. A Lusaka ta Zambiya, Laura Murray da tawagarta sun horar da mutanen da ba ƙwararrun likitoci ba, suka ba yara 'yan shekara 5 zuwa 18 irin maganin zama da tattaunawa da Judith Cohen da Anthony Mannarino da Esther Deblinger suka tsara. Ana koya wa yaro saukar da numfashi da sanin sunan abin da yake ji, sannan a hankali ya ba da labarin abin da ya faru har ya daina zame masa abin gudu, kuma ana jawo mai riƙonsa ciki. A sakamakon 2015, cikin yara 257, alamomin firgici sun ragu da kusan kashi 82 cikin 100 a waɗanda suka samu, sauran kuwa kusan 21.

Sai kuma kuɗi, wanda masu maganar ƙwaƙwalwa ke yawan tsallakewa. Jane Costello tana cikin bin yara a jihar Karolina ta Arewa a Amurka sai iyalan ƙabilar Ceroki suka fara samun rabon kuɗi duk shekara daga 1996. A rahotonta na 2003, yaran gidajen da suka fita daga talauci matsalolin halayyarsu sun sauka zuwa matakin yaran da ba su taɓa talauci ba, ko da yake fargaba da ciwon damuwa ba su sauka haka ba. Ba wanda ya yi wa iyayen nan lacca, sarari suka samu na sa ido a kan 'ya'yansu. Shi ya sa nake adawa da a riƙa raba wa iyaye takardar ƙirga masifu a asibiti alhali babu abin da za a ba su bayan sun cike.

Hadiza Walwala: A kan takardar maki muna tare. A kan tambaya kuwa ba ma tare. Mata da yawa sun ce min ni ce farkon wadda ta taɓa tambayarsu, kuma tambayar kanta ta sauke musu wani abu. Sharaɗin shi ne a yi ta a keɓe, mijin ba ya wurin, kuma mai tambayar ya san lambar wa zai kira in amsar ta zo da nauyi.

Nasiru Ɗalibi: In babu lambar kiran fa, Anti? Wurare da yawa haka suke.

Hadiza Walwala: To aikin farko shi ne a samar da ita kafin a buga takarda. Amma ba zan ce wa ma'aikaciyar jinya ta ga tabo a wuyan mace ta kau da kai ba don kawai babu ofishin turawa.

Malam Bashir: Kafin a tashi, ku ba ni abin da zan yi aiki da shi. Yaro ya tsaya bayan an tashi aji ya ce, "Malam, zan faɗa maka wani abu amma kada ka faɗa wa kowa." Me zan ce?

Hadiza Walwala: Kada ka yi alkawarin ɓoyewa, don ba za ka iya cikawa ba, kuma in ka saɓa ya daina yarda da manya. Ka ce masa za ka saurara, kuma in abin ya shafi lafiyarsa za ka faɗa wa wanda zai taimaka kawai, kuma za ka sanar da shi kafin ka faɗa. Ka zauna daidai tsayinsa, ka bar ƙofa yadda ba zai ji an kulle shi ba. Ka riƙe fuskarka, in ya ga ka razana zai janye maganar don ya tausaya maka. Kada ka sa masa kalma a baki, irin "Babanka ne ko?", domin wannan kan ɓata shari'a daga baya, Barista zai tabbatar. "Sai me ya faru?" ta isa. Ka ce masa ka yarda da shi kuma ya yi daidai da ya faɗa. Da ya fita ka rubuta abin da ya ce da kalmominsa, da rana da lokaci, ka kai wa wanda ke da alhakin kare yara a makarantar a ranar. Kada ka je ka tunkari wanda ake zargi da kanka, yaron ne zai kwana a gidan.

Barista Kabiru: Haka ne. Kuma kada a sa shi ya maimaita labarin gaban shugaban makaranta da mataimakinsa da malamin aji ɗaya bayan ɗaya. Sau ɗaya a wurinka, na gaba a wurin wanda aka horar.

Malam Bashir: Makarantarmu ba ta da wanda aka ɗora wa wannan alhakin. Zan kai maganar taron malamai na makon gobe. Malama Hadiza, in kina da samfurin takardar rubuta rahoto ki turo min ta akwatin sirri, in gyara ta daidai da namu tsarin.

Hadiza Walwala: Zan turo yau da dare in sha Allah. Maman Amira, ke ma ki duba akwatinki.